Wane Lensi Ya Dace da Wane Hoto? Sharhi Kan Zaɓen Idon Kyamara

A shagunan kayan hoto, tambayar da sabon mai saye ya fi yi ita ce wace kyamara ta fi kyau, kuma megafiksel nawa take da shi, wato miliyan nawa ne ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Ba kasafai ake tambayar gilashin da ke gabanta ba, sai an kai ta gida an gwada, an ga hotunan ba su kai na wane ba. Daga nan ne shawarwari kan yi karo da juna. Wani ya ce a nemi mai lamba 50, wani ya ce sai mai dogon baki irin na 'yan jarida a filin ƙwallo, wani kuma ya ce wayar hannu ta riga ta raba gardama. Lambobin da ke rubuce a jikin gilashin, irin su 18-55mm ko f/1.8, su ma ba sa fassara kansu.

Tushen ruɗanin shi ne zaton cewa akwai lensi ɗaya da ya fi sauran, kuma ana gane shi da girman lamba ko tsada. A haƙiƙa kowane lensi amsa ce ga wasu tambayoyi uku: a ina mai hoto zai tsaya, wane irin haske ne a wurin, kuma me yake so ya fito raɗau a cikin hoton. Wanda ya iya amsa waɗannan game da aikinsa ya yi rabin zaɓe tun kafin ya taka kasuwa.

Mene ne lensi, kuma daga ina ya faro?

Lensi kalmar aro ce daga Turanci. Ana nufin jerin gilasan da aka goge aka lanƙwasa, aka jera su cikin bututu ɗaya, domin su tattaro hasken da ke fitowa daga abin da ake kallo su zana surarsa a cikin kyamara. Wurin da surar ke sauka a da fim ne, yanzu kuwa wani ɗan faranti ne mai jin haske da ake kira sensa. Idan aka kwatanta kyamara da ido, lensi shi ne ƙwayar idon, sensa kuma bangon baya inda gani ke sauka.

Asalin ilimin ya girmi hoto nesa ba kusa ba. Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajejen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana yadda haske ke bi ta ƙaramin rami ya zana surar waje a kife a bangon ɗaki mai duhu. Ita kanta kalmar kyamara daga Latin take, ma'anarta ɗaki. Da Louis Daguerre ya fito da hanyarsa ta ɗaukar hoto a Faransa a 1839, lensin lokacin ƙanƙanin haske yake shigarwa, har sai an yi mintuna kafin hoto ya kama. Gini zai iya jira, mutum kuwa da wuya. A 1840 wani masanin lissafi a Biyana, Joseph Petzval, ya tsara lensin da ke shigar da haske fiye da ninki goma sha biyar na wancan, kamfanin Voigtländer ya ƙera shi, sana'ar hoton fuska ta samu gindin zama. Tun daga farko ke nan, buƙatar wani nau'in hoto ce ke haifar da nau'in lensinsa.

A 1925 kamfanin Leitz na Jamus ya fitar da ƙaramar kyamarar Leica, wadda Oskar Barnack ya tsara, mai ɗaukar hoto mai faɗin milimita 36 da tsayi 24 a kan fim. Wannan awo shi ne har yau ake auna komai da shi. Lensin zum na farko, wato mai faɗaɗa gani ko tsuke shi, da aka yi wa irin wannan kyamara, Zoomar na Voigtländer, sai a 1959 ya fito, sannan a 1985 Minolta 7000 ta yaɗa tsarin da kyamara ke daidaita fokas da kanta. Fokas shi ne saita gilasan yadda abin da ake nufi zai fito tar ba dishi-dishi ba.

Lamba ta farko: milimita

Lambar da ke ƙarewa da mm tana nuna tazarar da ke tsakanin cibiyar tattara hasken lensi da sensa, idan an saita shi a kan abu mai nisa ƙwarai. Abin da ya shafi mai hoto a ciki shi ne faɗin abin da zai shigo. Ƙaramar lamba tana kwaso wuri mai faɗi, babba tana tsuke gani ta jawo na nesa.

Misali zai fi bayyana wannan. A kyamara mai cikakkiyar sensa, wato mai awon 36 da 24, idan mutum ya tsaya mita goma daga bango, lensin 24mm zai ɗauko faɗin mita 15 na bangon. Na 50mm zai ɗauko mita bakwai da 'yan kai. Na 200mm kuwa bai kai mita biyu ba. Saboda haka ake kasa su gida uku. Daga 35mm zuwa ƙasa ana ce musu masu faɗin gani. Tsakanin 40 da 58 matsakaita ne, domin kusurwa zuwa kusurwar sensar milimita 43 ce, kuma abin da suke nunawa bai yi nisa da yadda ido ya saba ganin girman abubuwa ba. Daga 70mm zuwa sama masu hangen nesa ne, waɗanda masu sana'a ke kira tele.

Lensi mai lamba ɗaya tak, kamar 50mm, tsayayye ne: in ana son ƙarin faɗi sai a ja da baya. Mai lamba biyu, kamar 24-70mm, shi ne zum, ana murɗa shi ya faɗaɗa ko ya tsuke. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, na ɗaukar kalmar zum a matsayin iya hango nesa. Ninkin zum ba komai ba ne illa babbar lamba a raba da ƙarama. Lensin 18-55mm ninki uku ne, na 400mm tsayayye ba shi da ninki ko ɗaya, amma shi ne zai kawo fuskar mahayi daga can ƙarshen fili.

Lamba ta biyu: ƙofar haske

A cikin kowane lensi akwai wasu siraran faifai da ke buɗewa su tsuke kamar baƙin ido, su ne ƙofar haske. Ana auna buɗewarta da harafin f. Lambar tana fitowa ne idan aka raba milimitar lensi da faɗin ƙofar, shi ya sa take tafiya a juye: ƙaramar lamba babbar ƙofa, babbar lamba ƙaramar ƙofa. Lensin 50mm a kan f/2 ƙofarsa milimita 25 ce. Matakan da aka saba su ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11 da 16, kuma kowane mataki rabin hasken wanda ya gabace shi yake shigarwa. Lambar da aka rubuta a jikin lensi ita ce iyakar buɗewarsa.

Wannan lamba tana yin aiki biyu. Na farko shi ne haske. Lensin da aka fi haɗawa da ƙananan kyamarori, 18-55mm, yana buɗewa zuwa f/3.5 a faɗinsa, amma da an murɗa shi zuwa 55 sai ya koma f/5.6. Lensin 50mm mai f/1.8 yana shigar da kusan ninki goma na wannan haske. A zauren biki da dare, bambancin shi ne tsakanin kyamarar da ke ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa 25 na daƙiƙa, inda mai rawa zai fito kamar hayaƙi, da wadda ke ƙiftawa cikin ɗaya bisa 250, inda zai tsaya cak.

Aiki na biyu shi ne zurfin fokas, wato iyakar wurin da ke fitowa tar daga gaba zuwa baya. Babbar ƙofa tana rage shi, ƙarama tana ƙara shi. Lensin 85mm a kan f/1.8, daga tazarar mita biyu, zurfinsa kimanin santimita shida ne: ido ya fito, kunne ya fara narkewa, bango ya zama launi kawai. Wannan laushin bayan hoto shi ake kira boke, kalmar da aka aro daga Japananci. Lensin 35mm a kan f/5.6, daga mita huɗu, yana riƙe komai tar daga wajen mita biyu da rabi zuwa kusan tara.

Lissafin ƙofa shi ne kuma ke bayyana tsada. Domin lensin 400mm ya kai f/2.8, dole gilashin gabansa ya kai faɗin santimita 14, nauyinsa ya doshi kilo uku. Na 50mm mai f/1.8 kuwa bai kai gram 200 ba, kuma yana cikin mafi araha a wurin kusan kowane kamfani.

Girman sensa yana sauya lissafi

Yawancin kyamarorin da masu farawa ke saye ba su da cikakkiyar sensa. Suna da wadda ake kira APS-C, mai faɗin milimita 22 zuwa 24. Tun da ta fi ƙanƙanta, tsakiyar surar kawai take kamawa, sai lensi ya zama kamar ya ƙara tsawo. A kyamarorin Nikon, Sony da Fujifilm ana ninka lambar da 1.5, a na Canon da 1.6. A tsarin Micro Four Thirds, wanda Olympus da Panasonic suka ƙaddamar a 2008, ana ninkawa da 2.

Rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa asara. Mai ƙaramar sensa da ya ji ana yabon 50mm ya saya, zai tarar yana gani kamar 75 ko 80. A ɗaki mai tsawon mita huɗu, ko ya manne da bango, faɗin da zai ɗauko bai kai mita biyu ba, wato mutum uku ko huɗu in sun matsu. Abin da zai ba shi ganin 50 na ainihi shi ne 35mm. A ɗaya gefen, mai ɗaukar tsuntsaye riba ya samu, domin 400mm ɗinsa ya koma kamar 600.

Tazara ce ke gyara fuska

Ana yawan cewa lensi mai faɗi yana ɓata fuska, tele kuma yana gyara ta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma dalilin ba a gilashin yake ba, yana ga inda mai hoto ya tsaya. Domin a cika hoto da fuska da lensin 24mm, sai an matso har kusan a taɓa hanci. A wannan kusanci hanci ya fi kunne kusa da kyamara sosai, sai ya fito ƙato. Wani bincike da aka buga a 2018 a mujallar likitoci ta JAMA Facial Plastic Surgery ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga santimita 30 yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin ɗari. Da lensin 85mm kuwa dole a ja baya mita biyu, inda sassan fuska ke komawa daidai da yadda mutane suka san mai ita.

Haka abin yake ga tele da ke sa jerin mahaya su zama kamar sun cuɗe wuri guda, ko dutse mai nisa ya zama kamar yana bayan gida. Nisa ne ya haɗe su, lensin yanko wurin kawai ya yi. Don haka ƙwararru kan fara zaɓen wurin tsayawa, sannan su ɗauko lensin da zai cika hoton daga wurin.

Kowane aiki da nasa lensi

Hoton fuska da na situdiyo. A cikakkiyar sensa an fi amfani da 85mm zuwa 135mm, a ƙarama kuma 50 ko 56. Idan ana son tsayuwar mutum gaba ɗaya, daga ɗaurin kallabi ko hula har takalmi, 50mm ya fi dacewa da ƙaramin shago. Abin lura shi ne buɗe ƙofa har ƙarshe ba koyaushe yake da amfani ba. Aikin babbar riga, zanen lalle da adon wuya duk ana son su fito, kuma zurfin santimita shida ba zai ɗauke su tare da fuska ba. A situdiyo mai fitilu, f/5.6 ko f/8 ya fi ba da abin da mai hoton zai yi farin ciki da shi.

Biki da taro. A wajen kamu, ɗaurin aure ko walima, abu ba ya jiran a sauya gilashi. Shi ya sa zum mai tsayayyar ƙofa, 24-70mm f/2.8, ya zama abokin aikin masu ɗaukar biki, tare da 70-200mm f/2.8 domin kamo fuskoki daga nesa ba tare da an kutsa cikin mutane ba. Na biyun nan, a tsofaffin kyamarori, ya kai kilo ɗaya da rabi, abin da wuyan wanda ya yini da shi zai shaida. Mai ƙaramin jari yana iya wadatuwa da 35mm da 85mm masu f/1.8. A hoton dangi mai sahu uku, kuskuren da aka fi yi shi ne barin ƙofa a f/1.8, sahun gaba ya fito, iyayen da ke baya su dushe. A nan ana tsuke ƙofa, a nemo haske daga filas, wato fitilar walƙiya ta kyamara.

Hawa da wasanni. A Hawan Daushe na Kano, ko hawan Sallah a Katsina da Zariya, ko gasar kamun kifi ta Argungu, mai hoto ba shi ke zaɓen tazara ba, dogarai da cunkoso ne ke zaɓa masa. Daga mita 50, lensin 200mm yana ɗauko faɗin mita tara, wato rukunin mahaya. Na 400mm zai cika hoto da doki ɗaya da mahayinsa. Tun da yawancin waɗannan da rana ake yin su, zum irin 70-300mm ko 100-400mm ya isa, ba sai mai f/2.8 ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne saurin fokas da saurin ƙiftawa, ɗaya bisa 1000 ko fiye idan dawaki na sukuwa. A dambe da kokawa, inda ake zama gefen fage, 70-200mm ya wadatar, sai dai in da dare ne babbar ƙofa ta zama dole.

Gine-gine da shimfiɗar ƙasa. Lungunan tsohon birni da ɗakunan soro kamar na Gidan Makama a Kano suna buƙatar 16mm zuwa 24mm, domin babu wurin ja da baya. Matsalarsu ita ce idan aka ɗaga bakin kyamara sama domin a kamo dogon gini, kamar hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ko ta Gobarau a Katsina, sai bangaye su zama kamar za su kife baya. Maganin shi ne a ja nesa a riƙe kyamara a miƙe, ko a yi amfani da lensi na musamman mai zamewa sama da ƙasa, wanda masu hoton gine-gine ke saye. A irin wannan aiki f/8 zuwa f/11 ake so, tare da sanda mai ƙafa uku. Tsukewa har f/22 tana rage kaifin hoto, saboda haske yana bazuwa idan ya matsu ta ƙanƙanuwar ƙofa.

Kasuwa, titi da aikin jarida. An fi son 28mm, 35mm ko 50mm, ƙanana marasa jan ido, masu nuna mutum tare da muhallinsa. Mai rini a Ƙofar Mata ta Kano ba ya cika labari sai an ga ramukan rini a gefensa. Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya yi mafi yawan aikinsa da 50mm a kan Leica. Gajeren lensi yana tilasta wa mai hoto ya matso, ya yi sallama, ya nemi izini, kuma a al'ummar da ke girmama sirrin mutane wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Namun daji da tsuntsaye. A Yankari, ko dausayin Haɗeja da Nguru, ko wurin raƙuman dawa na Kure a Nijar, 400mm shi ne mafari, 600mm kuma bai yi yawa ba. Daga mita 15, lensin 600mm yana ɗauko faɗin santimita 90, inda ƙaramin tsuntsu bai cika ko rubu'in hoton ba. Zum irin 150-600mm na Sigma da Tamron, masu nauyin kilo biyu ko kusa, su suka sauƙaƙa wa talaka wannan fanni. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin ƙiftawa ya gaza lambar lensi, wato ɗaya bisa 500 ga 500mm. Na'urar hana rawar hannu, wadda Canon ta fara sakawa a lensinta na 75-300mm a 1995, tana sassauta wannan ƙa'ida, amma rawar hannun mai hoto kawai take gyarawa, ba motsin dabba ba.

Kayan sayarwa da ƙananan abubuwa. Masu tallar zobba, turare, ɗinkin hula ko abinci a intanet suna amfana da lensin makro, wato mai iya matsowa dab da abu. Na ainihi yana zana abu a kan sensa daidai girmansa, ana rubuta masa 1:1, kuma an fi samunsa a 90, 100 ko 105mm. Wasu zum masu araha suna ɗauke da kalmar makro a jikinsu alhali ba su kai ko rabin haka ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Muhawara mafi tsufa ita ce tsakanin tsayayye da zum. Masu son tsayayye suna cewa ya fi haske, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi araha, kuma yana koya wa mutum tunani da ƙafarsa. Masu zum suna cewa abin da ya wuce ya wuce, ango ba zai sake shigowa zaure don an sauya gilashi ba, kuma zum na zamani ya rage ratar kaifi da ke tsakaninsu ƙwarai. Kowanne da gaskiyarsa, kuma a ƙasashen Sahel akwai ƙarin hujja ga zum: duk cire lensi a fili lokacin hunturu gayyatar ƙura ce zuwa kan sensa. Zum mai dogon zango kamar 18-200mm kuwa ya dace da tafiya, sai dai ana biyan sauƙinsa da ƙarancin haske da raguwar kaifi a ƙarshensa.

Ta biyu ita ce tsakanin lensin kamfanin da ya yi kyamarar da na wasu kamfanoni, irin su Sigma, Tamron, Samyang da Viltrox. Na asali ya fi tabbacin jituwa da kyamara, kuma ya fi riƙe daraja in za a sayar. Na wasu sun fi rangwame, kuma da yawansu sun kamo na asali a inganci. Hukunci a nan na kowane lensi ne shi kaɗai, ba na sunan kamfani ba.

Ta uku ita ce inda ya kamata kuɗi ya fi tafiya, jikin kyamara ko lensi. Mafi yawan ƙwararru sun karkata ga lensi, domin jiki yana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana iya yin shekara ashirin yana aiki. Masu ɗaukar wasanni da tsuntsaye suna da ja a kan haka, tun da saurin bin abu mai motsi ya dogara da jikin ma. Akwai kuma masu tunatar da cewa haske da ido sun fi duka biyun. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da hasken rana da zannuwan shimfiɗa a bango ya yi hotunan da duniya ke ji da su. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya samu lambar Zakin Zinariya a bajekolin fasaha na Venice a 2007, da aikin da ya yi ba tare da tarin kayan zamani ba.

Ta huɗu ita ce wayar hannu. Babban idon yawancin wayoyi yana daidai da 24 zuwa 26mm, kuma laushin bayan hoto da suke yi, wanda ya yaɗu tun fitowar iPhone 7 Plus a 2016, lissafin kwamfuta ne ba aikin gilashi ba. Da rana, a hoton kusa, waya ta isa ga mutane da yawa. Inda take gazawa shi ne abu mai nisa, mai gudu, ko mai motsi cikin duhu.

Kafin a miƙa kuɗi

Kowane kamfani yana da nasa bakin ɗauri, wato mahaɗin lensi da jikin kyamara. Nikon F ya fito a 1959, Canon EF a 1987, Sony E a 2010, sannan Canon RF da Nikon Z a 2018 domin sababbin kyamarori marasa madubi a ciki. Tsohon lensi yana hawa sabuwar kyamara ta hanyar adafta, wato zoben haɗi, amma sabon lensi ba ya komawa kan tsohuwa. Ko a gida ɗaya akwai tarko. Lensin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa tsofaffin kyamarorin kamfanin masu cikakkiyar sensa. Ƙananan kyamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka 50mm f/1.8D zai hau amma sai an saita shi da hannu, mai alamar AF-S ne ke yi da kansa.

Tun da da yawan masu hoto kayan hannu suke saye, bincike ya zama wajibi. A haska tocila ta cikin gilashin: 'yar ƙura ba ta da illa, amma zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, mai cin rufin gilashi, kuma danshin damina ne ke rayar da ita. A duba faifan ƙofa ko akwai maiƙo, a murɗa zobba a ji ko suna cijewa, a ɗora lensin a kan kyamarar da za a yi aiki da ita a ɗauki hoto a ƙofa buɗe. Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ake hasashe

Manyan kamfanoni sun mayar da hankali kan kyamarori marasa madubi, kuma sababbin lensunansu kusan duk na wannan tsari ne. Sakamakon farko shi ne tsofaffin lensunan EF da F suna ta kwarara kasuwar kayan hannu, abin da zai iya zama dama ga mai ƙaramin ƙarfi, ko da yake kayan gyaransu za su riƙa wuya sannu a hankali. Na biyu, yayin da waya ke cinye hoton yau da kullum, mai sana'a zai fi samun abinci a inda ita ba ta kai ba: zaure mai duhu, filin hawa, bugu mai girma, da hoton kaya mai buƙatar kaifi. Na uku, tun da abokan ciniki suna neman hoto da bidiyo a aiki ɗaya, shirun injin fokas da na'urar hana rawa sun shiga cikin abin da ake dubawa.

Ga wanda ya riga ya mallaki kyamara, akwai hanyar yanke shawara da ba ta cin ko kwabo. Kowane hoton dijital yana ajiye bayanin lambar milimita da ƙofar da aka ɗauke shi da su. Idan mutum ya duba hotunansa na wata uku ya ga yawancinsu a 18mm suke, yana kuma fama da ƙuncin wuri, mai faɗi yake buƙata. Idan kullum yana maƙale a 55 yana yanke hoto domin ya jawo abu, tele yake nema. Idan kuwa faɗin ya yi daidai amma hotunan dare suna fitowa da duhu ko hazo, matsalarsa ƙofa ce, kuma ɗan ƙaramin 35mm ko 50mm mai f/1.8 zai warware ta da kuɗin da bai kai na sabuwar kyamara ba.